DAMIN INNA SALIMA

Shafi na 27

Masu yi mini ƙorafi cewa na bar Zali tsaye a tashar Buza rana na dukanta, na ji ku. Ga ta nan, ta samu mota.

*

Motar 'yan kasuwa ta sauke su a bakin Azarori bayan azahar. Zali ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jira gwiwarta ta amince, sannan ta sauko da ɗayar. Isaka, ƙanenta da suke uba ɗaya, tuni ya dira yana gyara zaman hularsa ta Sakkwato, sai ka ce ɗaurin aure suka zo.

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Hadari ne ya taru baƙi ƙirin, irin wanda manomi ke gani ya fara laluben inda ya ajiye iri. Ita ma irinta na nan ɗaure a tsumma, can ƙauyensu a ƙasar Garhanga. Wurin zuba shi ne ba ta da shi, domin sarkin kanto, wato sarkin yankinsu, ya hana kowa sa hauya a gonar har sai an san mai ita.

Gonar nan fa da can fako ce a gindin dutse, ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Zali ce ta yi ta ɗauko duwatsu a ka tana jerawa don su tare ruwa, ta haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki, tun tana goyon ɗanta na fari har ga shi yau tana da jikoki. Shekarar da wurin ya fara ba da gero, sai ta ɗaure damin farko ta ɗora a ka ta kai wa Inna Salima, tsohuwar gidan Abzinawan da kakanninsu suka mulki yankin. Tun tana yarinya ake gaya mata cewa da nonon akuyar Salima aka raya ta, lokacin da uwarta ta rasu a shekarar yunwa. Godiya ce ta kai ta, ba wani abu ba, kuma ba ta taɓa fasawa ba. Ko da tsohuwar ta tashi daga yankin, sai ta riƙa ba direbobi damin su kai mata.

To a nan ta yi wa kanta. Da tsaba ta riƙa kaiwa a ƙwarya, da kowa ya ce sadaka ce. Amma dami ɗaure, a ka, da rana tsaka, kafin ko zangarniya ɗaya ta shiga rumbu, haka kakanninta suke kai wa masu ƙasa haƙƙinsu. Ta san da haka sarai. Ta ɗauka dai wannan zamanin ya mutu an binne shi. Sai ga Alhusaini, jikan Salima, ya dawo daga Libiya hannu wofi, ya tono shi.

Mai gari ya ce a al'ada dami ya riga ya yi magana, gona ta gidan Salima ce. Limamin ƙauye ya ce a Shari'a wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, in dai ba ta da mai ita tun farko. Ta je jastis, kotun gwamnati, a Keita, alƙali ya saurare ta da kyau, ya ce a maganar gona dokar gwamnati al'adar masu shari'ar take dubawa, a koma wurin sarki a nemi sulhu tukuna. Sarki ya ce a kawo shaida. Duk wanda ta je wurinsa gaskiya ya gaya mata, kuma duk sai ya nuna mata ƙofar wani. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

"Yaya Zali," in ji Isaka suna tafe cikin rairayi, "da can Sakkwato na, da an gama wagga magana tuni."

Ta ci gaba da tafiya, shi kuma ya ci gaba da magana.

"Can kowace jiha da dokarta. Ga kotun tarayya, ga ta jiha, ga ta Shari'a. Ke Musulma, shi Musulmi, sai ku nuhi ta Shari'a, alƙali shi buɗe littahi, shi ke nan."

"In ya buɗe mi za shi gani?"

"Za shi ga gonar ta haɗa iyaka da ta Baba. Ke nan cikin gado take."

"Gado," in ji Zali. "Kai kashi biyu, ni ɗaya."

"Ba ni nic ce ba, Yaya."

"Ba kai kac ce min can ƙasa duk ta gwamna ta ba, ranad da anka tashe ku daga inda kake saida albasa?"

Isaka ya sosa ƙeya. "Waccan wata doka ta daban."

"Wanda anka kada ga Shari'a hwa? Gida shika komawa?"

"A'a, shina ɗaukaka ƙara. In ta ƙi shi ƙara gaba, har Abuja."

"Ashe can ma yawo na. Bar ni da namu, ko ba komi na san inda motocinshi ka tsayawa."

Kada ku zagi Isaka da yawa a ƙasan shafin nan, ba mugu ba ne. Mutum ne dai da bai taɓa ɗaukar dutse ɗaya a gonar ba, yana can yana cin rani shekara da shekaru. Ya biyo yayarsa ne ya taya ta ƙwato gona daga hannun Alhusaini, in an ƙwato ya karɓi kashinsa, kuma har ga Allah bai ga inda abu biyun suka ci karo ba.

Salima ta dawo cikin dangin uwarta a Azarori ne tun da idonta ya tafi. An gina mata ɗakin ƙasa ta ƙi shiga, ta ce ita ba hatsi ba ce da za a zuba ta a rumbu. Dole aka kafa mata bukkar tabarmi a tsakar gida.

Matar da ke kula da ita ta tare su a ƙofa, suka gaisa, ta ba su ruwa.

"Kun yi sa'a," ta ce. "Yau tun sahe tana lissahin sunayen raƙuman ubanta, ba ta ɓata ko guda ba. Amma ku yi abin da yak kawo ku da wuri. Da la'asar ta yi hankalin nata shika hwara tahiya. Jiya da marece ni kaina ba ta san ni ba."

Zali ta sunkuya ta shiga. Tsohuwar na kishingiɗe a kan gadon kara, ta ƙanƙance cikin baƙin mayafi kamar an ninke zane an ajiye.

"Inna, ina wuni."

"Mariyatu? Kin dawo daga rijiya?"

Mariyatu sunan uwar Zali ne, wadda ko fuskarta ba ta sani ba.

"Inna, Zali ta. Ɗiyar Mariyatu."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta lalubi fuskarta, ta gangaro kafaɗa, ta tsaya a tafin hannu. Ta daɗe tana shafa kaushin nan da duwatsu suka bari.

"Zali mai duwatsu," ta ce, muryarta ta daidaita. "Geron bara ya yi daɗi. Wa ad da ke? Na ji numhwashin namiji."

"Isaka na, ƙanena."

"Shi hita."

Isaka ya fita yana ƙunƙuni. Bai yi nisa ba, ga inuwar ƙafafunsa nan a ƙasan tabarmar.

Zali ta gyara zama. A mota ta shirya maganganu masu yawa, amma da ta buɗe baki sai guntuwar ta fito.

"Inna, jikanki ya kai ni gaban sarki. Ya ce gonar da nig gyara taku ta, ya ce damin da nika kawo miki haƙƙin ƙasa na. An hana ni shibka, ga hadari ya taso. Abu guda nika roƙo. Ki aika ma sarki damin nan kyauta na. Ki ce hwakon bai da mai shi."

"Ba ni hwaɗin haka."

Zali ta zaci ba ta ji daidai ba.

"Ba ni hwaɗi, don ƙarya ta. Hwakon nan da mai shi. Tun daga bakin ƙorama har gindin dutse nawa na."

Ko haushi Zali ba ta ji ba. Wani abu ne kawai ya sake a jikinta, kamar igiyar guga ta zame daga hannu. Ta dafa ƙasa za ta tashi.

"To, Inna. Allah shi ƙara lahiya."

Hannun nan mai kama da busasshen kara ya cafke bakin zanenta.

"Zamna. Nawa nic ce, ban ce na Alhusaini ba."

Ta koma ta zauna.

"Mu wurinmu akwai dukiyar da ba ta bin maza. Uwa ta bar ma ɗiyarta mace, ita ma ta bar ma tata. Ba a saida ta, ba a raba ta. Nono mai rai muka ce mata. Taguwoyi na, da awaki, da wurin da suka kiwo. Taguwoyin sun ƙare, awakin sun ƙare, wurin yar rage. Uwata tab bar min shi. Uban Alhusaini ɗana na, ni nih haihe shi, amma har yam mutu bai da taki guda ciki, balle ɗanshi."

"Inna, ai ke ba ki da ɗiya mace."

"Na yi. Raihana."

Zali ba ta taɓa jin sunan ba.

"Shekarar yunwa nih haihe ta. Ba ta yi arba'in ba. Anka rufe ta, nono yac cika min ƙirji har zazzaɓi shina kada ni. Ba a daɗe ba sai ga ubanki da ke cikin tsumma, kuka ma ba ki iyawa, shina roƙon nonon akuya." Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Zali, wace akuya? Shekarar nan akuyar da tar rage muna ko tsayuwa ba ta yi."

Iska ta taso ta girgiza tabarmar.

"Ni nib ba ki. Bayan bukka, in mutane sun tahi rijiya. Har kinka hwara cin tuwo. Mai gidana bai sani ba, da ya sani da ranar ya kore ni. Ɗiyar masu ƙasa ta sa ɗiyar mai kawo musu dami ga ƙirjinta? Ubanki yar rantse ba shi hwaɗi, kuma ya cika, ya tahi da ita. Labarin akuya shi yaƙ ƙirƙira."

"Damin hwa?"

"Ban karɓe shi haƙƙin ƙasa ba, ban karɓe shi sadaka ba. Ɗiya tak kawo ma uwarta abinci, nic ci."

Da kun zaci Zali za ta faɗa jikin tsohuwar tana kukan murna, to ba haka aka yi ba. Abin da ya fara zuwa mata fushi ne. Ta tuna yadda ta tashi a hannun matar uba, tana kallon sauran yara ana yi musu kitso a cinya. Ta tuna ranakun da take wucewa ta gaban bukkar matar nan da dutse a ka, wuyanta kamar zai karye, matar na zaune tana kallonta.

"Kina ganina, Inna. Lokacin idonki garau. Ina wucewa da dutse ga kai, da goyo ga baya. Ba ki taɓa cewa zo ki sha ruwa, ɗiyata, ba."

"Ina ba ki ruwa."

"Kina ba ni ruwa awa yadda kika ba kowa."



"Kunya ta," in ji tsohuwar. "Ba ni da wata amsa. Kunya tar riƙe ni ina da ƙarhi, yanzu da ƙarhin yat tahi ita ma ta sake ni."

Sai a lokacin hawayen suka zo, ba da ƙara ba. Zali ta kifa goshinta a gefen gadon karan, tsohuwar ta ɗora mata hannu a ka. Mace mai jikoki, yau ne karo na farko da wani hannu ya sauka a kanta haka.

Ƙarar babur ce ta raba su. Aka yi sallama, aka ɗaga tabarmar ƙofa. Alhusaini ne, dogo siriri, rawaninsa ya koɗe, idanunsa sun faɗa. Shi ma in ka dube shi da kyau za ka ga mutumin da duniya ta wanke wa hannu. A bayansa akwai wani dattijo mai carbi, Malam Nuhu, limamin unguwar. Isaka ya kutso a bayansu.

"An ce min kin sauka tasha, Zali," in ji Alhusaini. "Nic ce bari in zo da Malam, kar gobe a ce tsohuwa ta hwaɗi abin da ba ta hwaɗi ba."

"Alhusaini," in ji Salima.

"Na'am, Kaka."

"Gaida gwaggonka."

Ya duba dama ya duba hagu yana neman gwaggon. Isaka, wanda cikinsa ba ya riƙe ko ruwa, ya zazzage musu duk abin da ya ji ta bayan tabarma, har da abin da ba a tambaye shi ba. Malam Nuhu ya daina jan carbi. Alhusaini ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya zauna a ƙasa kamar an ture shi.

"Kaka, kin san abin da kika hwaɗi? Gaban mutane?"

"Na sani. Na gaji da riƙo."

"Dabbobinmu sun ƙare. Na tahi Libiya na dawo da rigar da ke wuyana. Ina da ɗiya huɗu. Ƙasar nan ita kaɗai tar rage muna, ki ɗauka ki ba..." Ya haɗiye sauran.

"Lokacin da take hwako ba ka zo ba," in ji Zali a hankali.

Bai dube ta ba. Ya juya ga liman.

"Malam, nono shina bada gado?"

Malam Nuhu ya yi gyaran murya. Dattijo ne da ba ya son a sa shi a tsakiya, ga shi an sa shi.

"Nono shina hana aure, ba shi bada gado. Wannan ba gardama ciki. Ita kuwa al'adarku ta dukiyar mata, na san da ita, kakanninmu sun ga ana yi. Amma yau in anka kai ta gaban malamai wani shi karɓa, wani shi ƙi. In anka kai ta jastis sai an nemo dattawan da za su shaide ta, su kuwa sun ƙare. Ba ni rataya gonar baiwar Allah ga wannan. In Inna Salima tar rasu ba a yi komi ba, mu nan da Shari'a muka raba gado. Jikanta na zai ɗauka."

Zali ta rufe ido. Ga wata ƙofar kuma, an nuna mata an rufe.

"Sai dai akwai hanya guda," Malam ya ci gaba. "Mai abu in tana raye, da hankalinta, tana iya ba wanda tas so. Kyauta gaban shaidu. Wannan ko mai gari, ko ni, ko jastis, ba mai tada ta."

"Na ba ta," in ji Salima. "Ku rubuta."

"Ba a nan take ba, Inna. Ba a kyauta da abin da aka gardamarshi. Ita Zali gaban sarki cewa tay yi ƙasar ba ta da mai ita, ita tar raya ta, tata ta. Muddin tana bisa wannan magana, ke ba ki da abin badawa. Sai ta janye. Ta hwaɗi da bakinta gonar taki ta. Sannan ke ki ce kin ba ta, ita ta ce ta karɓa."

Alhusaini ya ɗan leƙa waje, ya dubi inda inuwar katanga ta kai, ya dawo da kansa.

"Na yarda," ya ce. "In Zali tah hwaɗi gonar ta Kaka ta, Kaka kuma tac ce ta ba ta, na janye. Malam shaida na. Zan ɗauki muryar ga waya, sarki shi ji da kunnenshi."

Zali ta ga leƙen da ya yi. Ta san abin da ya duba, don ita ma tun ɗazu shi take dubawa.

"To mu yi," ta ce. "Yanzu."

"Tsaya, Yaya." Isaka ne ya sha gabanta. "Kin san abin da za ki yi? In kinka ce gonar ta Salima ta, kin kashe gadon Baba. Kin maida mu 'yan aro. Abin da kakanninmu sunka sha wuya sunka hita daga ciki, ki maida mu da bakinki?"

"Isaka, kauce."

"Ba ni kaucewa. Ni ma ina da haƙƙi. Malam, ka hwaɗa mata. Gonar da tah haɗa iyaka da ta uba, ba cikin gado take ba? Can Sakkwato na ga an yi irin wagga shari'a, alƙali yac ce..."

"Ƙyale shi shi hwaɗi, Zali," in ji Alhusaini cikin sanyin murya. "Ai ɗan'uwanki na, shina da bakin magana. Mi alƙalin yac ce, Isaka?"

Isaka kuwa ya samu mai saurare. Ya kawo shari'ar Sakkwato tun daga farkonta, da sunan unguwa, da wanda ya kai ƙara, da yadda aka ɗaukaka ta. Malam Nuhu ya gyara masa wani wuri, ya ce ba haka ba, suka shiga ja-in-ja kan iyaka da gado. Alhusaini na jefa tambaya duk lokacin da maganar ta so mutuwa. Haske na raguwa a cikin bukkar. Zali ta dubi Salima ta ga leɓunanta na motsi, ba da kowa take magana ba.

Ta miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa.

"Isaka."

Ya juyo ya dube ta, don bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

"Dutse nawa kad ɗauka cikin gonar nan?"

"Yaya, ba maganar..."

"Rami nawa kag gina? Shekarar da ruwa yak kwashe min layi ukku nis sake jerawa da ciki wata bakwai, kana ina? Baba da kaka kira, ranar da nih hwara dariya yay yi, yac ce in na samu gero wurin shi ci da kunnenshi. Ba gado na ba. Ba a bar min ba, ba a bar maka ba. Na je wurin mai gari ya ba Alhusaini. Na zo wurinka kana son kashi biyu. Jastis ta maido ni inda nit taso. Na gaji, Isaka. Ni ba 'yanci nika nema ba, ba aro nika gudu ba. So nika in zuba irina ga ramukan da nig gina kahin ƙasa ta bushe. Kauce min."

Isaka ya kauce.

Malam Nuhu ya dube ta da tausayi.

"Ki sani dai, ɗiyata, in kinka hwaɗi ba a komawa. Abin da mutum yay yi iƙirari da bakinshi ya hi shaida ƙarhi. Nan kam da al'ada, da Shari'a, da jastis, duk bakinsu ɗaya."

Ta kusa yin dariya. Tun girbin bara take neman wurin da su ukun za su haɗa baki, ashe a kanta za su haɗa shi.

Ta durƙusa gaban gadon, ta kama hannun tsohuwar.

"Inna, kina jina?"

"Ina jinki, Zali."

Alhusaini ya ɗaga wayar. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar.

Zali ta ja numfashi. Ta ga layukan duwatsun nan a idonta, ɗaya bayan ɗaya, har gindin dutse.

"Ni Zali, na janye maganata. Gonar da ke tsakanin ƙorama da gindin dutse ta Inna Salima ta. Ba tawa ta ba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarmar, sai na biyu, sai ruwa ya kece gaba ɗaya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika bukkar.

"Mun shaida," in ji Malam Nuhu, yana ɗaga murya don a ji shi. "To Inna Salima, saura ke. Gonar nan taki, wa kika ba?"

Tsohuwar ta ɗaga kai tana shaƙar iskar. Fuskarta ta washe kamar ta yarinya.

"Ruwa," ta ce. "A shigo da 'yan raƙuman."

"Inna," in ji Zali, tana matsa hannun. "Inna, gonar. Ki ce kin ba ni."

Salima ta shafa tafin hannun, ta shafa kaushin, sannan ta janye nata hannun a hankali ta ɓoye cikin mayafi.

"Wace ta wagga?" Ta juya kai wajen ƙofa, ta rage murya kamar mai gudun kada a ji. "Ku duba min in mutane sun tahi rijiya. A kawo min jinjirar bayan bukka. Tun sahe ba ta sha ba."

Alhusaini ya dubi liman.

"Malam, kai kac ce sai da hankalinta."

Ya danna wayar ya kashe.